Za a rage kuɗin makarantar garinmu: mu yi karo-karo ne ko mu kai kuka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ce wakiliyar iyaye mata a kwamitin SBMC, wato kwamitin jama'ar gari mai kula da makaranta, na firamaren garinmu. A taron ƙarshen zango hedimasta ya shaida mana cewa daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma an ce a kasafin baɗi za a tsayar da ɗan kuɗin gudanarwa da ake ba makaranta, za a sallami malaman wucin gadi da ake biya alawus, kuma ana tunanin haɗe ƙaramar makarantar ƙauyen da ke gabas da mu da tamu. Tun daga ranar gari ya rabu. Wasu sun ce a yanka wa kowane yaro kuɗi duk zango mu riƙe makarantarmu da kanmu. Matasa sun ce a yi zanga-zanga zuwa sakateriya. Wasu dattawa sun ce gwamnati ba ta da kuɗi, a yi haƙuri. Har an fara cewa wane ɗan jam'iyya kaza ne shi ya sa yake ɗaga murya. Malam, ina gaskiyar take, kuma me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya da kike yi wa yaran mutane.

Idan na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: shin da gaske ne babu kuɗin, kuma idan ragin ya tabbata, wace hanya ce za ta fi tsare karatun yaran. Na riƙe makaranta a matsayin hedimasta, daga baya na yi aiki a sashen tsare-tsare da ƙididdiga na ofishin ilimi na wata ƙaramar hukuma, saboda haka an kawo mini irin wannan labari, ni ma na kai wa wasu. Abin da zan fara faɗa miki shi ne, ɓangarorin nan uku na garinku suna jayayya a kan abin da babu wanda ya gan shi a rubuce. Kuma abubuwa ukun da aka ce za a taɓa ba nauyinsu ɗaya ba. Idan kuka tsaya a kan "kada a rage komai", za a saurare ku a sallame ku. Idan kuka san wanne ne zai kashe karatu, wanne ne za a iya jurewa, to a nan ne za ku sami abin riƙewa.

Hannun wa kuɗin yake bi

Makarantar firamare ta gwamnati a Najeriya ba ta da kasafin kanta. Kuɗin da ke tafiyar da ita ta hanyoyi daban-daban yake zuwa, kuma kowace hanya da mai riƙe da ita.

Mafi girma shi ne albashin malamai. A tsarin da aka daɗe a kai a yawancin jihohi, daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi tun yana asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ita ta biya. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ilimin firamare cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke da hannu a ciki, shi ya sa nauyin albashin yake wuyansu.

Gine-gine, kujeru da littattafai kuma yawanci ta hannun SUBEB da takwararta ta tarayya, wato UBEC, suke fitowa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin farko. Rabin wannan kuɗi ba a ba jiha shi sai ita ma ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. A 2024 kason kowace jiha ya kai wajen naira biliyan 3.5, kuma ba sabon abu ba ne jiha ta bar nata a can shekara da shekaru saboda ba ta ajiye nata rabin ba. Wannan kuɗi ba na albashi ba ne. Shi ya sa za ki ga an ɗora sabon ginin aji biyu da fenti mai ƙyalli a makarantar da ba ta da malamin da zai shiga cikinsa, mutane su riƙa mamaki. Ba ruɗewa aka yi ba, kuɗin ne kowanne da layinsa.

Na ƙarshe, kuma mafi ƙanƙanta, shi ne kuɗin gudanarwa da alawus ɗin malaman wucin gadi. Waɗannan ba su da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya musu, ba su da ɗan kwangilar da zai bi sawunsu ofis-ofis. Duk lokacin da aka matsu, su ake fara taɓawa, ba don su ne suka fi cin kuɗi ba, sai don su ne ba mai kuka a kansu.

Ki lura da sakataren ilimi, wato shugaban ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a wannan tsari. Sau da yawa ɗan aike ne. An gaya masa, ya gaya wa hedimastoci, su kuma suka gaya muku. Idan matasanku suka je suka cika masa ofis da hayaniya, mai yiwuwa sun huce haushinsu a kan mutumin da shi ma takarda aka miƙo masa.

Da gaske babu kuɗin?

Dattawanku suna da rabin gaskiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata ya ƙaru ƙwarai idan a naira za a ƙirga. Amma a watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, kuma hauhawar farashi a wannan shekarar ta haura kashi 30 cikin 100. Ƙaramar hukumar da malaman firamare ne mafi yawan ma'aikatanta, wannan ƙari ya hau kanta kai tsaye. Ba wasa ba ne: a 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Abuja sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a kan rashin biyan sabon albashin, yara suna zaune a gida, a babban birnin ƙasa ke nan.

Akwai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, amma ya tayar da tsohuwar fargaba a zukatan malamai. Tsofaffinmu a aikin ba su manta da 1991 ba, lokacin da aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka miƙa albashi ga ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa yin watanni babu biya, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Saboda haka a wannan tsakani kowa a ofis yana taka-tsantsan da kuɗi, kuma mai taka-tsantsan ƙananan layuka yake fara dannewa.

Ɗaya rabin gaskiyar shi ne, "babu kuɗi" a bakin hukuma yawanci ma'anarsa "mun zaɓi wani abu a kan wannan". A kasafin da za a cire alawus ɗin malamai, ki duba ko an rage yawan masu ba ciyaman shawara, ko an fasa sayen mota, ko an taɓa kuɗin tafiye-tafiye da tarurruka. Idan an rage ko'ina, to matsi ne na gaske, sai a zauna a raba wahalar. Idan makaranta kaɗai aka yanka, wannan zaɓi ne, kuma zaɓi ana iya sauya shi.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban. Na ga shekarun da aka rubuta kuɗin gudanarwa cif-cif a takarda, amma abin da ya iso makarantu bai wuce na zango ɗaya ba. Ki tambayi hedimasta sau nawa kuɗin ya shigo a shekara biyun da suka wuce. Mai yiwuwa abin da kuke jimamin za a cire ya daɗe da tafiya, yanzu ne kawai za a goge sunansa.

Kuma don Allah, idan kun je gaban hukuma, kada wani ya tashi ya ce UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a ware kashi 26 cikin 100 ga ilimi. Maganar ta yaɗu har a bakin manya, amma ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na duniya da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa. Ko shi ɗin ma ba zai taimake ku a wannan zama ba. Jiha tana iya ware kaso mai tsoka ga ilimi, ya tafi a jami'a da manyan gine-gine, ajinku na ɗaya bai ga alli ba. Ku yi maganar makarantarku, da alƙaluman makarantarku.

Malaman wucin gadi: a nan za ku kafe

Cikin ukun nan, wannan ne zai fi yi wa yara illa, kuma shi ne wanda kuke da hujja mafi ƙarfi a kansa. A makarantun karkara da yawa, waɗannan matasa masu takardar shaidar koyarwa ta NCE da ake ba ɗan alawus su ne suke shiga aji kullum, saboda 'yan garin ne, ba sa jiran mota daga birni. Sau da yawa su ne riƙe da aji ɗaya da aji biyu, inda yaro yake koyon haɗa baƙi da ƙirga. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, da wuya ya kamo, sai dai a yi ta tura shi gaba har ya gaji ya bari. Idan kuma cikin waɗanda za a sallama akwai mata, to ki sa ran wasu iyaye za su fara janye 'ya'yansu mata manya, domin akwai gidajen da malama ce dalilin da ya sa suka saki jiki.

Ga abin da za ku yi kafin ku ce uffan a waje. Ku nemi jerin sunayen malaman da aka rubuta cewa suna aiki a makarantarku, ku ɗora shi kusa da littafin da malamai ke sa hannu kowace safiya. Kwamitin SBMC yana da hurumin ganin wannan, aikinsa ke nan. Sai ku ƙirga yaran da ke zuwa a zahiri, aji-aji, maza da mata, ba waɗanda ke cikin rajista ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowa ya san an daɗe da wuce nan, amma ma'auni ne da hukuma da kanta ta rubuta, ba za ta ce ba ta san shi ba. Daga nan sai ku fitar da jimla ɗaya mai sauƙi: idan aka sallami waɗannan malamai, aji kaza da aji kaza za su wuni babu malami, yara kaza ke nan.

Abin da wannan ƙirga yakan tono shi ne abin da na fi gani a aikina. Matsalar ba ƙarancin malamai kaɗai ba ce, rabon su ne. Makarantun cikin gari, musamman na kusa da sakateriya, za ki tarar malamai sun yi yawa har wasu suna zaune a gindin bishiya, saboda kowa ya nemi alfarma a bar shi kusa da gida. Wasu an ɗauke su da sunan koyarwa amma suna ofis suna riƙe da fayil. Wasu sunansu yana makarantar ƙauye, ƙafarsu ba ta taɓa taka ta ba, albashi yana shiga. Albashin mutum ɗaya irin wannan zai iya biyan alawus ɗin malaman wucin gadi biyu ko uku. Saboda haka buƙatarku ta zama mai ƙofa biyu: ko a bar mana waɗannan, ko a turo mana malaman dindindin adadinsu kafin su tafi. Ta biyun ba ta buƙatar ko kwabo na sabon kuɗi, sa hannun sakataren ilimi da amincewar SUBEB kawai take so. Da wuya jami'i ya ce "babu kuɗi" ga abin da ba ya cin kuɗi.

Ku yi hattara da yadda za ku furta wannan. Malamai suna jin kalmar tantancewa gabansu ya faɗi, tun abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka ce fiye da 21,000 sun faɗi, aka sallame su. Ku bayyana cewa ku ƙirga kuke yi, wa yake zuwa wa ba ya zuwa, ba jarrabawa kuke nema a yi wa kowa ba. Malaman da ke zuwa aiki kullum su ne suka fi kowa jin haushin waɗanda ba sa zuwa. Idan kuka bi a hankali, su za su taya ku.

Kuɗin gudanarwa da batun haɗe makarantu

Kuɗin gudanarwa shi ne alli, rajista, takardun jarrabawa, tsintsiya, gyaran ƙofa da makulli, kwanon da iska ta ɗaga da farkon damina. Ba shi da yawa, amma rashinsa ba ya ɓoyuwa. Idan ya tsaya, ɗayan biyu ne: ko hedimasta ya riƙa cirewa daga albashinsa har ya gaji, ko a fara cewa yara su zo da kuɗin jarrabawa, kuɗin tsintsiya, kuɗin kati, a ɓoye ba rasit. Wannan giɓi gari zai iya toshe shi na ɗan lokaci, zan zo kan yadda za a yi.

Haɗe makarantu kuwa, a nan zan saɓa wa wasu 'yan garinku: ba kullum ne yake zama kuskure ba. Akwai makarantun da aka buɗe don siyasa, aji shida, yara ƙalilan, malami ɗaya da hedimasta. Yaran da ke irin wannan wuri sunan makaranta kawai suke zuwa. Amma hanya ce take yanke hukunci, ba lissafin ofis ba. Ku ɗauki 'yan kwamiti, ku taka daga ƙauyen gabas zuwa makarantarku da ƙafa, da saurin yaro ɗan shekara shida. Ku duba ko akwai rafin da ke cika da damina, ko babban titi, ko wurin da iyaye ba za su yarda 'ya mace ta bi ita kaɗai ba, balle a wannan zamani na rashin tsaro. Idan hanyar ba ta biyuwa, haɗewa rufewa ce kawai aka sauya mata suna, domin yaran ba za su zo ba.

Akwai tsaka-tsaki da na ga ya yi aiki: a bar aji ɗaya zuwa uku a ƙauyen a matsayin reshen makarantarku, da malami ɗaya ko biyu, manya daga aji huɗu su riƙa zuwa wurinku. Hukuma ta rage kashe kuɗi, ƙanana ba su bar karatu ba. Kuma ku gayyaci mutanen ƙauyen cikin shawarar. Ban ji kin ambace su a cikin masu jayayyar ba, alhali su abin ya fi shafa.

Karo-karo

Na san masu wannan ra'ayi da kyakkyawar niyya suke, kuma yawanci su ne masu kishin makarantar. Amma yanka wa kowane yaro kuɗi, ban goyi bayansa ba.

Da farko doka ta hana. Dokar 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati kyauta ne kuma dole ne, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓi kuɗi a kansa. Wasu jihohi sun ƙara nasu a kai, kamar Kano da ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Ba a cika gurfanar da kowa ba, amma duk ranar da aka so a sami hedimastanku da laifi, da wannan za a kama shi, ku kuma kuna gida.

Na biyu, ki duba wa kuɗin zai fi danna. Magidancin da yake da yara bakwai a makarantar gwamnati, yawanci shi ne wanda ba shi da halin kai ko ɗaya makarantar kuɗi. Idan aka ce kowane kai naira kaza, zai zauna ya zaɓi waɗanda zai biya wa. Ke kin fi ni sanin wa za a fara cewa ta zauna, ta ɗauki farantin talla. Ke ce wakiliyar iyaye mata, wannan magana daga bakinki za ta fi nauyi a taro.

Na uku shi ne wanda masu kishi ba sa hangowa. Na ga garin da ya ɗauki malamai da kuɗinsa, ya riƙe su da kyau. Da aka zo rabon sababbin malamai, sai aka duba takarda aka ga ajujuwansu duk a cike, aka tura malaman wani wuri. Ƙoƙarinsu ya zama dalilin hana su. Nauyin da gari ya ɗauka daga wuyan hukuma ba tare da sharaɗi ba, da wuya ya koma inda ya fito.

Wannan ba yana nufin ku naɗe hannu ba. Gudummawa ta ganin dama halal ce, kuma da ita aka gina makarantu da yawa a ƙasar nan. Ku nema daga gari gaba ɗaya, ba daga kan yara ba: 'yan kasuwa, ma'aikatan da suka fito daga garin suke birni, tsofaffin ɗalibai, manoma da kaka ko da kwanon hatsi ne a sayar. Mai gini ya ba da yini ɗaya, kafinta ya gyara benci. A buɗe asusu da sa hannun mutum uku, ɗaya mace, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a kowane zango. A yi amfani da shi wajen alli da gyare-gyare, kada a ɗora masa albashi na dindindin. Idan dole ta sa ku riƙe malaman, ku rubuta wa ofishin ilimi cewa na zango ɗaya ne ko biyu, kuma guraben nan har yanzu a buɗe suke kuna jiran hukuma ta cike su. Sannan a yi shela a masallaci da gidajen biki cewa ba za a kori yaro ko ɗaya saboda gidansu bai bayar ba.

Inda za ku kai kukan, da lokacin kai shi

Matasanku suna da gaskiya cewa shiru ba ya kawo komai. Inda na saɓa musu shi ne farawa da zanga-zanga. Ita ce makami na ƙarshe, kuma a garin da an riga an fara jifan juna da sunan jam'iyya, cikin yini ɗaya za a mai da ita rigimar 'yan adawa, maganar yara ta nutse. Ku ba matasan aikin ƙirga da ɗaukar hotunan ajujuwa, da bin takarda ofis-ofis. Suna da ƙafa da waya, kuma za su ji ana yi da su.

Kin ce a kasafin baɗi ne, to kuna da sauran dama. Shekarar kuɗi daga Janairu take farawa, ana tsara kasafi a watannin ƙarshen shekara, kuma kafin a amince da shi sauya layi ɗaya abu ne mai sauƙi. Bayan an sa hannu kuwa sai dai a ce muku ku jira wata shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku fara da neman maganar a rubuce: wace takarda ce ta zo, daga wa, kuma makarantu nawa ta shafa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan buƙata. Ko ba a amsa ba, tambayar kanta tana sa a san akwai masu lura. Wani lokaci ma da an nemi takarda sai a ce ai shawara ce kawai ake yi, ba a yanke ba.

Sai ku rubuta takardar koke shafi ɗaya, da alƙalumanku da buƙatunku a fili, shugaban SBMC ya sa hannu, da dagaci ko mai unguwa, da liman, da ke. A kai wa sakataren ilimi, a ba ciyaman da kansilanku kwafi, da shugaban SUBEB, da ɗan majalisar jiha mai wakiltar ku. Duk inda aka kai, a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Ku bi ta wurin hakimi, domin akwai ƙofar da kiran wayarsa yake buɗewa wadda takarda ba ta buɗewa. Cikin tawagar ku sa mutum daga kowace jam'iyya, su zauna kusa da juna, wannan kaɗai ya kashe zancen siyasa. Sunan hedimasta kada ya fito ko'ina. Ma'aikaci ne, ana iya yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙarshen ƙaramar hukuma kafin mako ya zagayo.

Abin da zai fi ƙara muku nauyi shi ne sauran makarantu. Irin wannan ragi ba a yi wa makaranta ɗaya. An kafa kwamitocin SBMC ne tun tsakiyar shekarun 2000 domin gari ya sami murya a makarantarsa, kuma a jihohi irin su Kano, Jigawa da Kaduna shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN ya horar da da yawa daga cikinsu a kan bin hukuma da takarda. Ku nemi shugabannin kwamitocin makarantun da ke mazaɓarku da maƙwabta. Koken makaranta ɗaya ana sa shi a fayil. Koken makarantu ashirin da sa hannun dagatai, ciyaman da kansa zai nemi a zauna. Idan an yi duk wannan an yi biris da ku, sai ku je gidan rediyo da alƙalumanku da kwafin takardunku masu hatimi.

Shawarar nan tana da iyaka, Hajiya, gara in faɗa miki. Na yi aiki ne a tsarin asusun haɗin gwiwa, kuma jihohi sun bambanta a kan wanda ke biyan me, saboda haka takardar da za ku samo ita ce za ta nuna muku ƙofar da za ku fi ƙwanƙwasawa. Idan daga jiha umarnin ya fito, ciyaman ba zai iya soke shi ba, sai ku karkata ga SUBEB da ɗan majalisarku. Kuma kuna iya yin komai daidai a ƙi ku. Idan haka ta faru, ku zauna da hedimasta kafin a koma hutu ku sake rabon malaman da suka rage: mafi ƙwazo a ba shi aji ɗaya da aji biyu, hedimasta da kansa ya ɗauki aji, manyan ajujuwa a haɗe su ko a raba su safe da rana. Sannan a zango na gaba ku sake ƙirga yaran, ku rubuta nawa suka daina zuwa, maza nawa mata nawa, ku ajiye domin kasafin shekara mai zuwa.

Allah ya yi wa yaran albarka. Ki gaida sauran 'yan kwamiti.